Ƙidayar sheƙunan tsuntsaye kafin a taɓa fili: me ake nema, wa abin ya shafa?

A ƴan shekarun nan, rahotannin da ake gabatarwa a tarurrukan jin ra'ayin jama'a kan manyan ayyuka a Yamai da kewayenta, hanya ce ko layin lantarki ko sabon gandarin shinkafa a bakin kogi, sukan zo da babi a kan tsuntsaye: waɗanne iri ne a wurin, a wace bishiya suke sheƙa, a wane wata suke kwanci. Tun kafin rahoton ya fito, mutanen ƙauye kan ga baƙi da sassafe riƙe da madubin hangen nesa da littafi, suna leƙen kan itatuwa. Fassarar da ake yi wa abin ta rabu. Wasu na ɗauka share fage ne na karɓe gonaki a mai da su gandun daji. Wasu na cewa sharaɗin masu ba da bashi ne kawai, a cika takarda a wuce. Manoman gero da shinkafa kuwa sun san wata ƙidayar daban, wadda ake yi don gano inda jan baki, ƙaramin tsuntsun nan mai cin hatsi, ya yi sansani a hallaka shi, sai su zaci ita ce.

Kowace fassara tana da abin da ta jingina da shi. Amma abin da ke raba ƙidaya mai amfani da ta cika takarda ba ya cikin ukun nan. Yana ga watan da aka shiga fili, da kuma ko an shiga kafin a zana taswirar aikin ko bayan an gama.

## Ƙidaya biyu da ake haɗawa

Akwai ƙidayar tsuntsayen ruwa da ake yi a tsakiyar watan Janairu a ƙasashe da yawa lokaci guda. An fara ta a 1967, ƙungiyar Wetlands International ce ke haɗa sakamakonta, kuma a Nijar jami'an gandun daji kan fita tabkuna da bakin kogi domin ta. Da yawa daga tsuntsayen da ake lissafawa a lokacin baƙi ne daga Turai da Asiya, sun gudo wa sanyi, za su koma gida su yi ƙwai. Wannan ƙidaya tana nuna darajar tabki a matsayin wurin kiwo da hutu.

Ƙidayar sheƙa tambayarta daban ce: wane tsuntsu ne ke haihuwa a nan? Tsuntsun da ya sauka cin abinci, in katafila ta zo, tashi zai yi ya nemi wani wuri. Wanda ke da ƙwai ko ƴaƴa ba shi da wannan zaɓi, asarar ta shekara guda ce cur, kuma ga wasu irin, kamar ungulu mai ƙwai ɗaya tak a shekara, asarar shekara ba ƙaramin abu ba ne.

Masu wannan aiki suna kasa hujjarsu mataki uku. In an ga tsuntsu a wurin da ya dace da shi a lokacin haihuwarsa, ana rubuta cewa mai yiwuwa yana haihuwa a nan. In an ga namiji da mace tare, ko ana ɗaukar ciyawa da tsinke ana gini, ko namiji na kare wuri ɗaya kwana da kwanaki, hujja ta ƙara ƙarfi. Tabbaci kuwa sai an ga ƙwai, ko ƴaƴa, ko uwa ɗauke da abinci tana shiga sheƙa. Rahoton da ya jera sunaye hamsin ba tare da ya ce wanne ne ke mataki na nawa ba, jerin baƙi da ƴan gida ne a cakuɗe, ba zai taimaki injiniya ya san bishiyar da zai kauce wa ba.

## Inda doka ta tsaya

Tushen maganar ita ce doka mai lamba 98-56 ta 29 ga Disamba 1998, wadda ta shimfiɗa ƙa'idojin kula da muhalli a Nijar, ta kuma wajabta binciken tasirin aiki a kan muhalli kafin a fara manyan ayyuka. Doka mai lamba 2018-28 ta 14 ga Mayu 2018 ta sabunta tsarin, dokar zartarwa mai lamba 2019-027 ta Janairun 2019 ta fayyace yadda za a bi. Hukumar da ke duba rahotannin ita ce BNEE, a ƙarƙashin ma'aikatar muhalli. Ana kasa ayyuka rukuni huɗu, daga A zuwa D: na A sai da cikakken bincike, na B bincike taƙaitacce, na C a gindaya masa wasu sharuɗɗa, na D ya wuce ba tare da wani mataki na musamman ba.

Gefe guda akwai doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 kan farauta da kare namun daji, wadda ta ware dabbobin da ba a taɓawa sam da waɗanda ake farauta da izini, da kuma dokar gandun daji mai lamba 2004-040 ta 2004, wadda ta sa saran wasu itatuwa sai da takarda. Nijar ta shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a 1987, tana kuma cikin yarjejeniyar AEWA ta tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai da Asiya.

Abin lura shi ne waɗannan dokoki hanya suke shatawa. Abin da za a ƙidaya a wani aiki, da sau nawa za a shiga fili, da watan da za a shiga, takardar sharuɗɗan bincike ce ke faɗa, wadda mai aikin ke shiryawa hukuma ta amince. In takardar ba ta ambaci lokacin haihuwar tsuntsaye ba, ofishin da aka ba kwangilar binciken ba zai ƙara wa kansa tafiya ba.

Masu cewa sharaɗin masu ba da kuɗi ne, ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba. Sabon tsarin muhalli da zamantakewa na Bankin Duniya ya fara aiki a Oktoban 2018, ƙa'idarsa ta 6 kuma ta shafi halittu da mazauninsu. Reshen bankin mai ba kamfanoni bashi, IFC, yana da irin tata tun 2006, ya sabunta ta a 2012. Ayyukan da ke cin kuɗin waɗannan cibiyoyi su ne aka fi matsa wa kan tsuntsaye. Amma wajabcin binciken kansa dokar ƙasa ce, ta kuma riga waɗannan ƙa'idoji.

## Ba wata ɗaya ba ne

Dabarar ƙidayar sheƙa a ƙasashe masu sanyi ta girma. Amurka na da dokar kare tsuntsaye masu ƙaura tun 1918, Tarayyar Turai ta yi tata a 1979, Birtaniya ta haramta lalata sheƙar da ake amfani da ita a dokar 1981. A can lissafin mai sauƙi ne: kusan duk tsuntsaye na haihuwa tsakanin Maris da Agusta, sai a ce wa ɗan kwangila ya sare itace kafin nan ko bayan nan. In aka kwafo wannan jadawali aka ɗora wa Yamai ko Tawa, an yi aikin banza, domin a Sahel lokutan haihuwa aƙalla uku ne, kuma sun kusa cinye shekara.

Na farko damina. Shamuwa kan iso a ƙarshen bazara, wajen Afrilu zuwa Mayu, shi ya sa manomi ke ganinta ya fara gyaran gona. Tana sheƙa a cikin gari, kan kuka ko tsamiya ko gawo, sau da yawa gida-gida a bishiya ɗaya. Ƙwai biyu zuwa uku take yi, kwanci kamar wata guda, ƴaƴan kuma su yi kusan wata biyu kafin su tashi. Da kaka ta kama hanyar kudu. Masu bincike daga Danmak da suka ɗaura wa wasu shamuwoyi na'urar bin sawu a Nijar a farkon shekarun 2000 sun bi su har gabashin Afirka, wajen Tanzaniya. A daminar dai balbela ke taruwa ɗaruruwa a itatuwa ƙalilan, gauraka na tara ciyawa a ƙasa cikin fadamar da ruwa ya kwanta, kirinjijiya da dinya na ɓoye ƙwai kusa da tabki, zabon daji da fakara da tuje na yi a ƙasa cikin ciyawa. Cilakowa kuwa kogon bishiya take nema, macen ta shige ta toshe bakin da laka, ta bar ƴar kafa da namiji zai riƙa miƙo mata abinci. Wanda ya sare wannan bishiya a watan Agusta ba zai ma san akwai rai a ciki ba.

Na biyu hunturu da rani. Ungulu da wasu manyan tsuntsaye masu farauta irin su gaggafa sai ruwa ya ɗauke suke farawa, daga wajen Nuwamba. Ungulun da aka saba gani a mahauta tana kwanci kusan kwana 50, ɗan kuma ya yi wata uku zuwa huɗu a sheƙa. In aka haɗa da gini, bishiyar na cikin aiki kusan rabin shekara, kuma shekara mai zuwa nan za ta dawo.

Na uku ya danganta da kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara. A Yamai kogin na cika sau biyu: jan ruwa na Agusta da Satumba daga ruwan saman yankin, da baƙin ruwa mai zuwa daga tsaunukan Gine wanda ke kai ƙololuwa wajen Janairu. Daga Maris zuwa Yuni ruwa ya janye, tudun rairayi su fito a tsakiyar kogi. A kansu wasu tsuntsayen bakin ruwa ke ajiye ƙwai a fili, ba ciyawa ba tsinke. Akwai wanda ke binne ƙwansa cikin rairayi in ya ga motsi, akwai masu jiƙa gashin ciki a ruwa su dawo su sanyaya ƙwai saboda zafin Afrilu. Zakaran ƙeƙuwa ma a ƙasa yake yi kusa da ruwa, ihun da yake yi wa mai wucewa alama ce cewa sheƙa na kusa. Wasu kuma rami suke haƙawa a gangaren gaɓa, jere-jere.

Kurciya ba ta da wata takamaimai, kusan duk shekara ana samun sheƙarta.

Daga nan matsalar ta fito fili. Lokacin da ya fi wa masu bincike sauƙin shiga daji shi ne rani, hanya ta bushe, mota na zuwa ko'ina. Wanda ya je a watan Fabrairu ba zai ga shamuwa ba, tana kudancin nahiyar. Tabkin da gauraka ke haihuwa a cikinsa zai same shi busasshen fili mai tsattsagewa, ya rubuta cewa babu komai. Wanda ya je a Agusta zai ga waɗannan, amma sheƙar ungulu wofi ce, tudun rairayi kuma na ƙarƙashin ruwa. Ziyara ɗaya, a kowane wata aka yi ta, tana ɓoye wani kaso. Ga kuma bambancin shekaru: tabkin da ya cika bana na iya ƙin cika baɗi, tsuntsaye su koma wani. Shi ya sa masana ke neman aƙalla ziyara biyu, ta damina da ta rani, a ƙara ta uku in aikin ya shafi kogi.

Haka nan shawarar da aka fi bayarwa, a yi aikin share fili da rani, tana kuɓutar da masu haihuwar damina ne kawai. Ita ce kuma ke faɗawa daidai kan ungulu. Ɗibar yashi a kogi ma lokacin janyewar ruwa ya fi yawa, wato daidai watannin da ƙwai ke kan tudu.

## Yadda ake aikin a fili

Aikin ba shi da kayan tsada. Ana zaɓen wurare a taswira, a tsaya a kowanne minti biyar zuwa goma daga fitowar alfijir, a rubuta duk abin da aka gani ko aka ji, domin yawancin ƙananan tsuntsaye da kukansu ake gane su. Ana kuma bin layi a ƙafa, ko a kwalekwale in kogi ne. Inda tsuntsaye ke sheƙa a taru, kamar balbela, sheƙunan da ke da mai su ake ƙirgawa, ba tsuntsayen ba, don rabinsu sun tafi kiwo. Kowace bishiya mai muhimmanci a ɗauki lambar wurinta da na'urar GPS.

Abin da rahotanni masu kyau ke yi, marasa kyau su tsallake, shi ne tambayar mutanen wurin. Makiyayi, masunci, maharbi, har yaran da ke yawo da danƙo, sun san kukar da shamuwa ke sauka shekara da shekaru, sun san kwarin da ruwa ke kwanciya. Mai binciken da ya zo da rani zai iya cike rabin giɓinsa da wannan, ya haɗa da tsofaffin sheƙuna da farin kashin da ke ƙarƙashin itace.

Ƙidayar kanta na iya yin ɓarna. In aka tayar da uwa daga kan ƙwai da tsakar rana a watan Afrilu, zafi na iya kashe su cikin ɗan lokaci, hankaka kuma na kallo. Akwai kuma wata sarƙaƙiya: rahoton bincike takarda ce da ake nuna wa jama'a, alhali ana farautar ungulu don sayar da kanta da sassan jikinta ga masu magani da tsibbu, ana kuma kwashe ƴaƴan gauraka a sayar wa masu kiwonta a gida. Buga ainihin wurin irin waɗannan sheƙuna nuna hanya ne ga mai nema. Abin da aka saba yi shi ne a ba hukuma da injiniya lambobin wurin, a bar su daga kwafin da ake rabawa.

## Me ya sa maganar ta taso yanzu

Yamai ba ta wuce mutum dubu 30 da wani abu ba a 1960. Ƙidayar 1988 ta same ta kusan dubu 400, ta 2012 ta haura miliyan ɗaya. Gonakin gero na ƙauyukan kewaye sun zama unguwanni ta hanyar lotisma, wato yanka filayen gini a raba, har a farkon shekarun 2000 gwamnati ta biya wani ɓangare na bashin albashin ma'aikata da filaye. Dajin da aka fara dasawa a 1965 don ya kewaye birnin ya tare iska da ƙura, mai faɗin kusan hekta 2,500, yawancinsa bedi, gine-gine sun ci wani sashe nasa.

Su ma tsuntsayen lissafinsu ya sauya. Masanin nan ɗan Faransa, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyi a Burkina Faso da Mali da Nijar yana ƙirga tsuntsaye masu farauta tsakanin 1969 da 1973, ya sake bin hanyoyin a 2003 da 2004. Ya tarar manyan ungulaye sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 a wajen gandayen da ake karewa. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta saka ungulun gari, wadda aka saba gani a mahauta, cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa, gauraka ma na cikin waɗanda ake fargaba a kansu. Duk wanda ya girma a Yamai ko Tawa ya kuma haura shekara hamsin zai iya gwada yawan ungulun mahauta na da da na yanzu da kansa.

An rubuta fiye da nau'i 500 na tsuntsaye a Nijar, amma sanin inda kowanne ke haihuwa bai kai sanin sunayensu ba. Ƙidayar tabkuna da masu binciken tsuntsaye Joost Brouwer da Wim Mullié suka yi da jami'an ƙasa a shekarun 1990 har yanzu ana komawa gare ta. Rashin tsaro a jihar Tilaberi da yankin gandun namun daji na W ya rage zirga-zirgar masu bincike. Ma'ana, a wurare da dama ƙidayar da za a yi saboda wani aiki ita ce ta farko da aka taɓa yi a wurin.

## In an samu sheƙa, sai me?

Samun sheƙa ba ya nufin an soke aiki, kuma ba ya mai da gona gandun daji. Kafa gandu hanya ce daban ta doka. Matakan da ake bi huɗu ne, a jere: a kauce, in ba hali a rage ɓarna, a gyara abin da aka ɓata, abin da ya saura a rama shi a wani wuri.

Kaucewa ita ce mafi arha in an yi ta da wuri. Karkatar da hanya ko layin lantarki ƴan mitoci a kan takarda ba ya cin komai, haka barin kuka uku a tsakiyar filin da dama za a ware wa makaranta ko dandalin unguwa. Bayan an kafa duwatsun iyaka an sayar da filaye, wannan gyaran ya zama rigima da diyya.

Rage ɓarna galibi jinkiri ne: a bar bishiya sai ƴaƴa sun tashi, a shata tazara kewaye da ita, a hana manyan injuna kusantarta. A nan dole a bambanta tsuntsu biyu. Mai saƙa sabuwar sheƙa kowace shekara, in aka jira ya gama, ba a cuce shi sosai ba muddin akwai wasu itatuwa kusa. Mai komawa wuri ɗaya, kamar shamuwa da ungulu, ko mai buƙatar kogon tsohuwar bishiya kamar cilakowa, jira ba ya warware masa komai, an dai ɗage asarar zuwa baɗi. Ga layin lantarki kuma akwai gyare-gyaren da aka sani: rufe wayoyi a kan turaku don kada wuta ta kama manyan tsuntsaye, da rataya alamu a waya don gauraka da tuje su gan ta.

Ramuwa ita ce aka fi ambata a rahoto, ita ce kuma mafi rauni. A sare kuka mai shekara ɗari a dasa bedi ashirin, lissafin itace ya cika, amma babu ungulun da za ta hau dashe, ko da awaki sun bar shi ya rayu.

Madatsar ruwa ta Kandaji, da aka fara ginawa kusan kilomita 180 sama da Yamai, misali ce ta tasirin da ba ya tsayawa a wurin gini. Cikin manufofinta har da tabbatar da ruwa a kogi da rani, abin da duk wanda ya tuna yadda kogin ya tsaya cak a Yamai a watan Yunin 1985 zai fahimta. Amma ƙarin ruwa da rani na nufin sauyi ga tudun rairayin da ke fitowa a watannin nan, ɗaruruwan kilomita ƙasa da madatsar.

## Bakin kowa

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma a wannan magana kowane ɓangare na da hujja.

Ƴan kwangila da masu ayyuka na cewa lokacin aiki a Nijar gajere ne, damina na tsayar da aikin ƙasa, in aka ƙara jiran tsuntsu an rasa shekara, kuɗin hayar injuna kuma ba ya jira. Gaskiya ne in ƙidayar ta zo a makare. Babban aiki kan yi shekara ɗaya ko biyu a matakin nazari da neman kuɗi, ziyara biyu na shiga cikin wannan lokaci ba tare da ta tsayar da kowa ba.

Masu kare muhalli na nuna amfanin tsuntsayen: shamuwa da balbela na cin fara, ungulu na kwashe mushe kafin ya ruɓe, mujiya na rage ɓeraye. Rauninsu shi ne wani lokaci sukan yi magana kamar duk tsuntsu abin so ne.

Manomi ba haka yake gani ba. Jan baki na sauka dubbai a gonar gero ko shinkafar Saga da Kirkisoye, yana sheƙa a taru cikin ƙaya, kwancinsa kwana goma ne kacal, shi ya sa ma'aikatar kare tsirrai ke neman sansaninsa da gaggawa. Mai gidan da balbela ta mamaye bedinsa kuma wari da kashi ne ke damunsa, da yawa sukan sassabe rassan don su huta. Duk da haka ƙidayar na da amfani ko a nan, domin maganin da ake fesa wa jan baki ba ya zaɓe, in akwai sheƙunan wasu tsuntsaye kusa, su ma sun tafi.

Ma'aikatun magajin gari na tsakiya. Rabon filaye na cikin hanyoyin samun kuɗinsu, jama'a kuma na neman matsuguni. A nan babban giɓin yake: manyan ayyuka masu kuɗin waje su ake bincika da kyau, alhali yawancin itatuwa da fadamun kewayen birni a hankali suke tafiya, fili bayan fili, ta hannun masu gini ɗaiɗai da babu wanda zai nemi rahoto a wurinsu. In ba a yi ƙidayar a matakin tsara lotisma ɗin baki ɗaya ba, babu wani matakin da za a yi ta.

## Abin da zai taɓa talaka

Mai sayen fili shi ne ya fi kowa cin moriyar abin, ko da tsuntsu bai dame shi ba. Inda gauraka da kirinjijiya ke haihuwa, wuri ne da ruwa ke kwanciya wata biyu ko uku. Fili irin wannan da rani ake nuna wa mai saye, a bushe, a shimfiɗe. Ambaliyar 2020, lokacin da kogi ya kai matakin da ba a taɓa aunawa ba a Yamai ya fasa madatsai ya shiga unguwannin gaɓa, da ta 2024, sun nuna tsadar gini a hanyar ruwa. Taswirar sheƙunan tsuntsayen ruwa da ta wuraren ambaliya sukan yi kusan daidai.

Mai gonar da aiki zai ratsa ya kamata ya san cewa bishiyar da aka ce a bari saboda sheƙa ba ta fita daga hannunsa ba, sai dai in takarda ta faɗi haka, kuma in an hana shi amfani da wani yanki na ɗan lokaci, wannan asara ce da ke shiga lissafin diyya. Hukumomin filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa, waɗanda ake kira Kofo, su ne wurin tabbatar da iyaka da mallaka.

Leburori, masu ɗibar yashi da masu saran itace su jinkiri ya fi ciza, don kuɗin yini suke ci. Hana ɗiba a tudu biyu ko uku na wata uku abu ne da za a iya ɗauka in an bar wasu a buɗe. Hana kogi gaba ɗaya ba zai yi aiki ba, za a koma yi da dare.

A jihar Tawa, tabkunan Tabalak da Dan Dutsi sun shiga jerin Ramsar a 2005. Shiga jerin bai hana su, ko noman rani, ko shayar da dabbobi ba, yarjejeniyar amfani cikin hankali take nema. Abin da ya ƙaru shi ne duk babban aikin da zai taɓa ruwansu ko itatuwan gaɓarsu za a fi tsananta masa bincike.

Wanda ya samu kansa a taron jin ra'ayi yana da tambayoyin da ba sa buƙatar ilimin tsuntsaye. A waɗanne ranaku aka shiga fili, kuma an zo da damina? Wa aka tambaya a ƙauyen? Waɗanne itatuwa ne aka yi wa alama cewa ba za a sare ba, kuma suna cikin kwangilar ɗan kwangila ko a rahoto kawai suka tsaya? Kowane rahoto na zuwa da tsarin kula da muhalli mai ɗauke da kasafin kuɗi da sunan wanda zai sa ido, hukumar BNEE da ma'aikatan muhalli na jiha kuma su ke da alhakin bibiya. Ana rubuta tambayoyin mahalarta a takardar bayan taro, wadda ke shiga cikin kundin da hukuma ke dubawa kafin ministan muhalli ya sa hannu a takardar amincewa.